Yadda Tayar Babur Mai Cin Dogon Zango Ta Samu

Ma'abota manyan babura a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, waɗanda kan ɗaure kayansu su yi kwana da kwanaki bisa hanya suna ƙetare duwatsu da iyakokin ƙasashe, suna da wata mas'ala da ba su gajiya da muhawara a kanta, wato wace taya ce ta dace da babur ɗin da aka ƙera domin gudu da doguwar tafiya baki ɗaya. Wanda ya saurari muhawarar nan da kunnen basira zai tarar abin da ake jayayya a kansa ya girmi masu jayayyar ƙwarai, domin tun ranar da aka fara naɗa roba a ƙafar abin hawa, masu wannan sana'a ke neman sulhunta abu biyu da ba su ga maciji da juna: roba mai taushi tana kama kwalta amma ba ta daɗewa, mai tauri kuwa tana daɗewa amma tana santsi, balle in sama ta zubo.

Asalin robar danƙo ne da ake tatsa daga wata itaciya ta dazuzzukan Birazil, kuma a farkon al'amari ba ta da wata fa'ida babba, saboda in rana ta yi zafi sai ta narke ta yi yauƙi, in sanyi ya sauka sai ta sandare ta tsage. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, wanda ya sha ɗauri a gidan kaso saboda bashin da ijtihadinsa ya jawo masa, shi ne ya gano a shekarar 1839 cewa in aka gauraya danƙon da farar wuta aka gasa, sai ya tsaya a kan hali ɗaya ko ana zafi ko ana sanyi. Ya sami takardar mallakar hikimarsa a 1844, ya mutu a 1860 da bashi a wuyansa. Kamfanin taya da ke ɗauke da sunansa kuwa wasu ne suka kafa shi a 1898, shi bai san da zamansa ba.

Dabarar cika taya da iska sau biyu aka ƙago ta. Robert William Thomson, mutumin Sikotlan, ya yi mata rajista a 1845, amma da yake a zamaninsa keken doki kaɗai ke yawo, sai aka manta da ita. Bayan shekara arba'in da ɗoriya, wani likitan dabbobi mazaunin Belfast, John Boyd Dunlop, ya ƙaga irinta domin ɗansa ya huta da jijjigar hanya a kan kekensa mai ƙafa uku, ya karɓi takarda a 1888, daga bisani aka tono ta Thomson aka soke tasa. A 1891 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin na garin Clermont-Ferrand a Faransa, suka fito da tayar da ake iya kwancewa a yi mata faci a bakin hanya. Babur ya zo ya tarar da wannan duka a shimfiɗe: wanda Daimler ya gwada a 1885 ƙafafun katako gare shi masu ɗaurin ƙarfe, amma na Hildebrand da Wolfmüller, wanda aka fara sayarwa a Munich a 1894, tayar iska ya hau.

Bai kamata mai ba da wannan tarihi ya tsallake maganar inda danƙon ya riƙa fitowa ba, domin akwai zalunci a cikinta. Da buƙata ta yi yawa, sai ma'aikatan Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam suka ɗora wa talakawan Kwango harajin danƙo, wanda ya gaza cika mudunsa a ƙone ƙauyensa ko a yanke hannu, har abin ya zama abin kunya ga Turai, aka karɓe ƙasar daga hannun sarkin a 1908. Kafin nan, a 1876, wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwaso irin itaciyar kimanin 70,000 daga Birazil zuwa lambun Kew a Landan, daga can aka kai dashe Silon da Malaya, kuma gonakin nan na Gabas su suka durƙusar da cinikin Birazil. Mu ma abin ya taɓo mu, domin an yi hada-hadar danƙo a Ikko cikin shekarun 1890, daga baya ƙasar Binin ta zama matattarar gonakin roba a Nijeriya.

Tayoyin farko farare ne ko ruwan toka. Wajen 1910 aka fahimci cewa in an zuba wa roba baƙin gari irin na kunkunniya, ƙarkonta kan ninka, kuma tun daga nan taya ta zama baƙa. Robar da ake haɗawa daga mai da kwal kuwa yaƙi ne ya raine ta: Jamusawa sun yi tasu a shekarun 1930, Amurkawa suka bi da gaggawa bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942.

To, har bayan Yaƙin Duniya na Biyu tayar babur ba ta wuce siririyar aba mai robar ciki ba, kuma ta wadatar, tunda injunan ba su da ƙarfin da zai gallabe ta. Sauyi ya soma ne a 1969, shekarar da Malcolm Uphill ya kewaye fagen tseren tsibirin Man a kan Triumph Bonneville irin na kasuwa da matsakaicin gudun da ya kai mil 100 a sa'a, abin da ya sa kamfanin Dunlop ya laƙaba wa tayar da ya hau suna TT100. A shekarar nan kuma Honda ya fito da CB750 mai silinda huɗu. A 1976 BMW ya kawo R100RS, babur mai garkuwar iska da ta lulluɓe mahayi, wanda masana da yawa ke ɗauka shi ne kakan wannan jinsi na babura masu haɗa tsere da safara. Nan mas'alar ta fito fili. Ga babur mai nauyi, ga mahayi da wanda ya goya, ga jakunkuna, ana son ya wuni yana gudu a miƙaƙƙen titin Jamus, gobe kuma ya kwanta a kwanonin duwatsun Alps, alhali abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai fi tafin hannu ba.

Illar tsohuwar taya a saƙarta take. Zaren da ke cikinta a karkace ake shimfiɗa shi, falle bisa falle, wannan ya gitta wancan, saboda haka duk juyin da ta yi fallayen na gugar juna suna haifar da zafi, zafi kuwa shi ne ajalin roba. Dole mai ƙira ya taurara robar domin ta jure, ya sadaukar da kamun kwalta. Michelin ya warware wannan ga motoci tun 1946 da saƙar da ake kira radiyal, inda zaren ke ratsawa kai tsaye daga leɓe zuwa leɓe, sa'an nan a ɗaura ɗamara a ƙarƙashin fuskar tayar. Amma babur ya jira kusan shekara arba'in, bisa hujja mai ƙarfi: mota a tsaye take shan kwana, babur kuwa sai ya jirkice, don haka yana buƙatar fuska mai kumburi da gefe mai ƙwari, radiyal ta farko kuwa gefenta laushi gare shi. Sai da aka gajarta gefen, aka faɗaɗa ƙafar, kana abin ya yiwu. Pirelli na Milan ya fitar da tasa a 1983, ɗan tseren babur Freddie Spencer ya ci kambin duniya biyu a 1985 a kan radiyal ta Michelin, a 1987 kuma Michelin ya kai ta kasuwa. A ganina wannan shi ne babban fatahi a tarihin sana'ar, sauran duka gyare-gyare ne a kansa, domin da zafi ya ragu sai aka sami halin tausasa roba ba tare da ta ƙare da wuri ba.

Gyara biyu daga ciki sun cancanci ambato. Sinadarin silika, wanda ake samu daga yashi, ya shiga tayoyin mota a 1992, ya iso na babur a ƙarshen shekarun 1990, kuma shi ya magance santsin jiƙaƙƙiyar hanya. Sai kuma hikimar raba fuskar taya, tsakiya mai tauri inda doguwar tafiya ke ci, gefuna masu taushi inda ake kwanciya a kwana, wadda Pilot Road 2 ta Michelin ta yaɗa tun daga wajen 2007, har ta zama ƙa'ida wurin Bridgestone da Dunlop da Metzeler da sauransu. Da wannan matafiyi ya huta da tsohon baƙin cikinsa na ganin tsakiyar taya ta cinye ta baje, gefunan kuwa suna nan sababbi.

Duk wannan tarihi a rubuce yake a gefen tayar da mai saye zai ɗauka a yau. In ya ga 120/70 ZR17, wadda ita ce aka fi sa wa gaba, ma'anarta faɗi milimita 120, tsawon gefe kashi 70 cikin ɗari na faɗin, Z shaidar ta jure gudun da ya haura kilomita 240 a sa'a, R radiyal, 17 kuma inci ne na ƙafar. Abokiyar tafiyarta a baya galibi 180/55 ce. Masu babura masu nauyi irin Yamaha FJR1300 sukan nemi wadda aka ƙara wa ƙwari, mai alamar GT. Ittifaƙin maƙera shi ne gaba da baya su zama iri ɗaya, a auna iska taya na sanyi, a kuma bi sabuwa a hankali har ta yi kamar kilomita 160. Wanda ya sayi tayar fagen tsere domin alfahari, alhali tafiyarsa ta safara ce, ya yi asara biyu, domin ba za ta ɗumama yadda take so ba, kuma ba za ta daɗe ba.

A Nijeriya, masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, ta Dunlop ta Ikeja ta daina aiki a 2008, saboda haka kusan duk tayar babban babur daga waje take zuwa, da yawanta kuma gwanjo ce wadda zanenta ke da kyau a ido amma robarta ta tsufa ta bushe. Tun shekarar 2000 ana buga lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Michelin da kansa ya ce wadda ta kai shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, wadda ta cika goma a sauke ta ko da zanenta bai taɓu ba. Don haka, ya kai mai saye, kafin ka taya, ka juya ta ka karanta lambar nan huɗu tukuna.