DAGA WARIN MAJEMA ZUWA KWALBAR TURARE: TARIHIN ƘANSHIN FATA DA TABA

Duk wanda ya zauna a Sabo ko wani zango a nan Kudu ya san cewa sayar da turare na cikin sana'o'in da aka san mu da su. To amma a cikin kwalaben da ke shigowa daga Turai akwai wani iri da yakan ɗaure wa 'yan kasuwarmu kai. In ka shinshina ba za ka ji fure ba, sai ka ji kamar sabon sirdi, ko rumfar dukawa, ko rigar da ta kwana kusa da murhu, ga shi kuma da ɗan karen tsada. Wannan shi ne turaren fata da taba, kuma tarihinsa ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Asalin abin daga wari ya faro. Kowa ya san majema ba wurin shaƙatawa ba ne. A ƙasar Faransa akwai wani gari mai suna Grasse, ana furta shi Giras, wanda a da, tsawon ɗaruruwan shekaru, jima ce sana'ar mutanensa. A ƙarni na 16 manyan Turai suka shiga yayin safar hannu ta fata, amma warin jima ya hana su sakat. Sai majeman suka yi dabara, suka riƙa shafe fatar da man furanni da kayan ƙanshi kafin a ɗinka. Abu ya karɓu, har masu wannan aiki suka zama ƙungiya guda, ta maɗinka safar hannu masu haɗa turare. Da aka shiga ƙarni na 18 haraji ya yi wa fata nauyi, jima ta durƙushe a garin, turare kuwa ya tsaya da ƙafarsa. A shekarar 2018 hukumar UNESCO ta sa gwanintar turaren Giras cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ka ji yadda ɗa ya fi ubansa suna.

Wani abin mamaki shi ne, ita fatar ba a tatsar turare daga jikinta yadda ake tatsa daga fure. Abin da hanci ke kira ƙanshin fata, ƙanshin kayan jima ne da man da aka shafa mata. Shi ya sa kowace ƙasa da irin ƙanshin fatarta.

Wadda ta fi shahara ita ce fatar Rasha. Can akwai wata bishiya mai farin ɓawo da suke kira beriyoza. Sukan cusa ɓawon a tukunya ko rami su rufe, su hura wuta a hankali ba tare da iska ta shiga ba, sai wani baƙin mai mai kauri kamar kwalta ya tsattsafo. Da shi ake shafe fata bayan an jeme ta, ruwa ba ya ratsa ta, ƙwari ba sa kusantarta, ƙaurin hayaƙi kuma ya zauna mata daram. Alal misali, a shekarar 1786 wani jirgin ruwa mai suna Metta Catharina ya taso daga Rasha da lodin irin wannan fata, ya nutse a gaɓar Plymouth ta Ingila. Sai a 1973 masu nutso suka gano shi. Da aka fito da fatun daga cikin laka, bayan kusan shekara 200, aka tarar da yawansu lafiya lau, ƙanshin bai gushe ba, har aka ɗinka takalma da jakunkuna da su.

Bayan juyin mulkin Rasha na 1917 manyan ƙasar da dama suka yi gudun hijira zuwa birnin Paris, yayin kayan Rasha ya tashi. A shekarun 1920 kamfanin Chanel ya fitar da turaren Cuir de Russie, ma'ana fatar Rasha. Wanda ya haɗa shi, Ernest Beaux, haifaffen Mosko ne, kuma shi ne ya haɗa Chanel No. 5 a 1921.

Ban da wannan mai, masu haɗa turare da kayan asali suna da wasu abubuwa uku da suke dogara da su. Na farko wani baƙin mai ne da ake samu ta hanyar ƙona itacen wata bishiya ta duwatsun Bahar Rum, Larabawa na ce masa ƙaɗiran, suna kuma shafa wa raƙuma maganin ƙazuwa. Na biyu ƙaro ne mai danƙo da ake kira labdanum, wanda ke fita a ganyen wani ɗan tsiro. Tun fiye da shekara 2,400 marubucin Girka Herodotus ya ba da labarin cewa daga gemun bunsuru ake tsefe shi, don yakan manne musu in suna kiwo. Na uku kuwa daga jikin wata dabbar ruwa ake samunsa, mai gina madatsa a koguna, kamar dai yadda mu muka san turaren jibda. Daga ƙarshen ƙarni na 19 masana kimiyya suka soma ƙirƙiro makwafinsu, kuma yau dokar masu sana'ar ta hana zuba ɗanyen man hayaƙin a turare sai an tace shi, saboda akwai abubuwa masu cutarwa a cikinsa.

Sai mu juya ga taba. Ita daga nahiyar Amurka ta fito, Turawa ba su san ta ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Ganyenta in ya bushe ya tsumu yakan yi ƙanshi kamar harawa da zuma, shi ake jiƙawa a fitar da wani mai kauri mai duhu domin turare. Mai hayaƙin cikinsu ita ce tabar Latakiya, wadda ta samo suna daga wani gari a Siriya, inda a da ake rataye ganye wata da watanni a ɗakin da ake turara itace. A 1919 kamfanin Caron ya fitar da Tabac Blond, daidai lokacin da matan Turai suka fara shan sigari a fili.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu, kuma ba da daɗi ba. A ƙarni na 18 tabar Bahiya ta ƙasar Brazil mafi ƙasƙanci, wadda doka ta hana kai ta Fotugal, ita ake shafe wa ruwan rake mai kauri don kada ta lalace, a naɗe ta kamar gammo. Wannan shafin ya ba ta zaƙi da ƙanshi, har ta zama abin nema a Wida da Badagiri da Ikko. Da me ake musayarta? Da mutane. A cikin bayin da aka loda a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa masu yawa, har a 1807 hukumar Bahiya ta bankaɗo wani shirin tawaye da suka ƙulla. Wannan gaɓar teku da muke neman abinci a kai yau, ta nan aka fita da su.

Ta wajen fata ma muna da hannu. Majemanmu da toka da bagaruwa suke jima, su shafe da man gyaɗa, su rina da karan dafi, kuma ƙanshin bagaruwar nan ne ke tarbar mutum a rumfar dukawa. A da, fatar jar akuyar Sakkwato ayari ke ɗauka su ƙetare Sahara da ita, in ta isa Turai daga tashoshin Arewacin Afirka sai a kira ta fatar Maroko, ana yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ga yadda takalma da jemammun fatu ke fita daga birnin zuwa Arewacin Afirka. Aikin namu ne, sunan na wasu.

To, jama'a, ina muka kwana? A nan Kudu mu ne masu kawo shanu, amma fatar da yawa a tukunya take ƙarewa, an babbake ta an yi ganda. Yaranmu da aka haifa a zango kuwa, da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin ramin jima, wasu ma kunyar a ce kakansu majemi ne suke ji. Alhali mutanen Giras daga wannan ramin suka tashi, ba su kuma ɓoye ba.

Ba muna cewa a koma shan taba ba ne, illarta ga lafiya ba ɓoyayya ba ce. Abin da muke kira gare shi shi ne, mai sayar da turare ya san abin da ke cikin kwalbarsa, ya iya yi wa mai saye bayani. Iyaye kuma in an je ganin gida, a ratsa da yara ta wajen majema da dukawa, su gani da idonsu, su shaƙa da hancinsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu dace, amin.