Batir da Ma'abota Sana'arsa a Ƙasar Zuru

Dattawan da suka riski zamanin da manyan motocin Bedford ke ɗaukar dawa daga Manga da ƙauyukan kewaye, su bi ta Zuru su nufi Kontagora, za su shaida cewa hidimar batir a wancan lokaci ba ta wuce ya tayar da inji ya kunna fitila ba, in kuwa ya gaza, karen mota da fasinjoji su sa kafaɗa su tura. Asalin wannan akwati na dalma da ruwa mai ƙuna daga Faransa yake, inda Gaston Planté ya ƙago shi a 1859, amma sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya aza masa nauyin tayar da mota.

Da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, 404 da 504 suka yawaita, sai mai caji ya samu daraja, domin shi ne zai kwance murafan nan shida ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa, ya ƙara tataccen ruwa, ya kankare farin gishirin da ya taru a kan batir, in kan ya cinye ya narka dalma ya zuba sabo, kana ya jona shi ya kwana yana shan wuta.

Al'amari ya fara sauyawa sa'ad da motocin Beljiyam suka kwararo ta Kwatano bayan tsuke bakin aljihun 1986, ya kuma tsananta da zuwan na baya-bayan nan, waɗanda ko an zare makulli kwamfutarsu da na'urar tsaro ba sa daina tsotsar wuta. Mai turbo kuwa, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don cusa wa inji iska, saboda tsananin zafinta fanka da ɗan famfon ruwa sukan ci gaba da aiki bayan an kashe mota, duk daga jikin batir. In aka haɗa da zafin bazara, da gajeriyar tafiyar Manga zuwa Zuru wadda ba ta isa altaneta ta mayar da abin da aka ci ba, alal haƙiƙa rashin adalci ne direba ya ce batiran zamani ne kaɗai ba su da aminci.

Su kuwa yawancinsu a rufe suke zuwa, babu murfin kwancewa, har ta kai mai caji ya koma sayar da sababbi, yana sayen matattu saboda dalmarsu.