Ampaw: Alewar Shinkafar Da Ta Kwana a Garin Carcar

In motar haya ta baro birnin Cebu na ƙasar Filifin ta nufi kudu, bayan tafiyar kilomita kusan 40 sai ta tsaya a shataletalen Carcar, 'yan talla su yo ca a tagogi. Abu biyu suka fi miƙowa: soyayyar fatar alade, wadda Musulmi zai kau da kai, da kuma ampaw, tsarabar da ba a wuce garin ba a saya ba.

Asalinsa shinkafa ce dafaffiya da ta kwana, wadda mutanen Filifin ke kira bahaw. A baza ta a faranti a rana har ta bushe ƙarau, ƙwaya ta rabu da ƙwaya. Sai a zuba a mai mai zafi. Ɗan danshin da ya maƙale a cikin ƙwayar shi ke zama tururi ya kumbura ta nan take. Ɗanyar shinkafa ba ta yin haka, dole sai wadda ta taɓa dahuwa. Daga nan a narka mazarƙwaila, wasu su ɗiga ruwan ƙaramin lemon tsaminsu kalamansi, a juye shinkafar ciki, a danne a katako, a watsa gyaɗa, a yanka tun da ɗumi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda sana'ar ta yi suna. Cebu tsibiri ne mai duwatsun farar ƙasa, fadamarsa kaɗan ce, ruwan samansa bai kai na maƙwabta ba. Shi ya sa talakan Cebu ya daɗe yana rayuwa a kan tsakin masara, yana dafa shi kamar shinkafa. Masarar ma baƙuwa ce: zamanin mulkin Sifaniya ta iso, lokacin da jiragen ruwa ke kai da kawowa tsakanin Filifin da Meziko, daga 1565 zuwa 1815. Gyaɗar da ke bisa ampaw ita ma daga nahiyar Amurka ta fito. A gidan da shinkafa ba ta kullum ba ce, uwargida ba za ta zuba wa kaji ragowarta ba. Duk wanda ya ga yadda iyayenmu ke shanya ƙanzo su adana ya san wannan lissafin.

Zaƙin kuwa rake ne ya kawo shi. A shekarun 1860 aka buɗe tashar jiragen ruwan Cebu ga fataken ƙasashen waje, noman rake ya bunƙasa, Carcar na cikin garuruwan da suka ci moriya. Manyan gidajen dutse da katako da ke tsaye kusa da cocin Santa Katalina har yau, da yawansu daga arzikin wancan zamani ne. Masu gona suka gina benaye, mazarƙwaila kuma ta wadata har ta shiga tukunyar masu aikin gonar.

Yanzu sunan ragowa kawai ya rage. Mai sayar da ɗaruruwan ƙunshi a rana ba zai zauna jiran abin da yara suka bari a kwano ba. Buhu yake saya, ya dafa musamman don shanya. Ban ga laifinsa ba, ni ma ba zan so tsarabar da aka kwaso daga kwanon wani ba. Rana dai har yanzu ita ce uwar aikin, don haka in damina ta kankama ko guguwar teku ta taso, shanya kan gagara, aiki ya ja baya.