Masu Dawowa Gida Neman Babban Muƙami: Daga Barau Dikko Zuwa Yau

Duk lokacin da sallah ta zo, 'ya'yan zangon nan namu na Kuta da ke ƙasashen waje suka bugo waya, ba a rasa wanda zai ce: "Baba, na gaji da zaman nan, ina so in dawo, amma wane aiki zan samu?" Wani likita ne a Saudiyya, wani injiniya ne a Ingila, wani kuma ya gama digiri a Sudan ko Malesiya. Fargabarsu ɗaya ce: kada mutum ya baro kujera a can, ya zo nan a nuna masa benci. To, wannan tambaya ta girmi jiharmu, ta ma girmi 'yancin Nijeriya. Bari mu waiwaya mu ga yadda magabata suka kwashe da ita.

Mu fara da Dakta Barau Dikko, mutumin Wusasa ta Zariya, wanda aka haifa a 1912. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likitan asibiti, kuma a jami'ar Birmingham ta Ingila ya yi karatu. Ka ce da ya dawo za a shimfiɗa masa darduma, ko? Ina! A 1940 da ya kama aikin gwamnati, ƙaramin likita aka ɗauke shi. Dama tun 1902 Turawan mulki suka keɓe babban sashen aikin likita na Afirka ta Yamma ga farar fata, baƙin mutum kuwa yana wani layi na ƙasa, komai iliminsa. Sai a 1953, bayan shekara 13, Dikko ya kai matsayin babban likita. Amma bai zauna jiran ƙarin girma kawai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, mutane suka san shi, suka san aikinsa. Da Janar Gowon ya tashi naɗa kwamishinonin tarayya a 1967, aka ba shi ma'aikatar ma'adinai da lantarki. Yau ga asibiti nan a Kaduna da sunansa.

Sai malaman makarantar da aka tura Landan bayan yaƙin duniya na biyu. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi a 1945, ya dawo a 1946 ya ci gaba da aikin ilimi a Bauci. Abin da ya ɗaga shi shi ne an buɗe Majalisar Arewa a daidai lokacin, mutanen lardinsa kuma suka tura shi. Malam Aminu Kano ya bi bayansa zuwa Landan, ya dawo ya koyar a Bauci, aka mai da shi makarantar horon malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aikin ya rungumi siyasar NEPU. Makaranta ɗaya suka yi a Landan, amma abin da kowannensu ya zama, a gida aka yanke shi.

Ƙofa ta buɗe sosai ne a zamanin Sardauna. Gwamnatinsa ta ɗauki manufar damƙa aikin Arewa a hannun 'yan Arewa: in akwai ɗan Arewa da ya cancanta, shi za a ba, in babu, a ɗauko Bature na ɗan wa'adi kafin a horar da wani. Makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya ta riƙa yaye matasa suna zama mataimakan Di'o. A 1963 Malam Ali Akilu ya karɓi kujerar sakataren Firimiya daga hannun Bature. A wancan lokacin, wanda ya dawo daga waje da takarda, aiki ne ke nemansa, domin kujeru sun fi masu ilimi yawa.

Akwai kuma dawowar da ba a shirya mata ba, wadda ta fi shafar mu mutanen zango. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban 'yan Nijeriya da Nijar suka kwaso kaya, har da Hausawan zangon Kumasi da na Ankara, wasunsu a can aka haife su, ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Manyan fataken goro da dillalan shanu suka iso gida ba wanda ya san girmansu. Dattawa kan ce wanda ya saba aiko da saƙo, yana zuwa biki da ta'aziyya, shi ya sami mai kama masa hannu. Wanda ya yanke zumunci kuwa, ya ga gaskiyar maganar nan: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mu a nan, babbar damarmu ta zo ran 3 ga Fabrairu, 1976, da Janar Murtala ya cire Jihar Neja daga Jihar Arewa maso Yamma, Minna ta zama hedikwata. Ma'aikatan da ke Sakkwato suka tattaro suka dawo, sababbin ma'aikatu suna neman manyan sakatarori da daraktoci. Amma daga nan ne wata tambaya ta ƙara ƙarfi: kai ɗan ina ne? Tsarin mulkin 1979 ya kawo dokar raba muƙaman tarayya daidai tsakanin jihohi, kuma ya ɗaura zama ɗan jiha a kan asalin iyaye ko kakanni. A 1996 aka kafa hukuma ta musamman mai sa ido kan wannan rabo. Tun daga lokacin, takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda muke ce wa "indijin", ta zama mabuɗin aikin gwamnati. Ɗan zangon da aka haifi kakansa a Kuta cikin 'yan'uwanmu Gbagyi, amma asalin gidansu Kano ne ko Katsina, dole ya san inda takardarsa za ta fito tun kafin ya sayi tikitin jirgi.

Ga kuma hidimar ƙasa, wadda Gowon ya kafa a 1973. Wanda ya gama digiri a waje bai kai shekara 30 ba, sai ya yi ta. Wanda ya wuce, sai ya nemi takardar yafewa ta halal. Kada a raina wannan. A Satumban 2018 ministar kuɗi ta tarayya, Kemi Adeosun, wadda aka haifa a Landan, ta ajiye muƙaminta saboda ce-ce-ku-ce kan wannan takarda. In ta girgiza kujerar minista, ina ga ta darakta?

Yau masu digiri sun fi kujeru yawa, akasin zamanin Sardauna. Duk da haka wurare na nan: jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Minna a 1983, tashar lantarkin Shiroro da ke maƙwabtaka da mu tun 1990, asibitoci, da kamfanoni masu zaman kansu. Sai dai abin da tarihin nan ya nuna bai sake ba. Takardar waje tana sa a saurare ka, amma babbar kujera tana zuwa ne ga wanda ya dace da lokacin da ake buƙatarsa, takardunsa na gida suka cika, kuma akwai masu cewa "mun san shi, mun san aikinsa".

Saboda haka, ɗana da ke nesa, ka fara dawowa tun kana can. Ka gyara takardunka, ka yi rajista da hukumar sana'arka, ka riƙa leƙo mu ana ganin fuskarka. In an ba ka matakin da bai kai naka ba, ka tuna Dikko ya yi shekara 13 kafin a ce masa babban likita. Mu iyaye kuma, mu tanadar wa yaranmu takardunsu tun suna ƙanana. Allah Ya dawo mana da su lafiya, Ya sa garin nan ya amfana da su, amin.