Daga Birnin Damagaram Zuwa Agadas: Abin da Ƙasa Ta Riƙe

Kakana bafatake ne. Kafin rasuwarsa yakan ce wanda bai kwana a Zangon Damagaram ba bai san fatauci ba. Wannan magana ce ta sa na bi sawunsa daga Kano, na ratsa Daura da Kwangwalam, na shiga Nijar ta Matamai. Tafiyar da ayari ke kwashe kwanaki yana yi, mota ta cinye ta a wuni guda.

Damagaram gari biyu ne a haɗe. Akwai Birni, mazaunin sarauta, mai lunguna da ke kewaya manyan duwatsu. Akwai kuma Zango, inda fatake da Buzaye da Larabawan Tarabulus ke sauke kaya. Daular ta taso ne a ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Barno, amma Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaga ta. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har aka ƙera masa igwa a cikin gari. Arzikin ya fito ne daga fata da gashin jimina da gishiri, da kuma bayi, abin da bai kamata mai ba da tarihi ya ɓoye ba.

Da na tsaya a ƙofar fada na tuna cewa a 1898, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, aka kashe hafsan Faransa Kazemaju a garin nan. Shekara guda bayan haka Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini. Sun mai da garin hedikwatar mulkinsu a 1911, sannan suka kwashe ta zuwa Yamai a 1926. Wani dattijo da muka zauna da shi a zaure ya ce mini wannan ƙaura ita ta rage wa garin girma, ita kuma ta tsare masa tsofaffin gidaje, domin siminti ya bi gwamnati zuwa yamma. Na ga gaskiyar maganarsa a bangayen Birni da Zango: zankwaye a saman soraye, dagi da sauran zayyana a kewayen ƙofofi, rufin azara mai sanyi ko da rana ta take.

Sai dai akwai gurbin da ya ɗaga mini hankali. Tsohon masallacin Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a daminar 2024 bayan ruwa mai ƙarfi. Ginin da ya ga Tanimun, ya ga shigowar Faransawa da fitarsu, ruwan sama ya kayar da shi. Ginin tubali ba ya son sakaci. Yana buƙatar yaɓe a kai a kai, da gyaran indararo, da magina waɗanda suka gaji sana'ar. In ɗaya ya yanke, bango ya fara zubewa daga tushe.

Da yamma na ci dambun zogale da kilishi a bakin kasuwa, na kora da fura, washegari na kama hanyar arewa. Tsakanin Damagaram da Agadas akwai kimanin kilomita 450, ta Tanut da Adarbisanat. Gonakin gero suna ta raguwa har suka ƙare, sai ƙaya da raƙuma da rijiyoyi masu zurfi. Wannan hanya ba ta son kasada a yanzu. Sai da na nemi shawarar mutanen gari kafin na tashi.

Abin da ke fara yi wa baƙo maraba a Agadas shi ne hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, duk ta ƙasa. An fara gina masallacin wajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya shimfiɗa ikonsa a kan Abzin, aka sake gina hasumiyar a 1844. Itatuwan da suka tsattsago daga jikinta ba ado kaɗai ba ne: su ke riƙe ginin, su ne kuma matakalar masu yaɓe. Wato tun ranar gini aka yi tanadin gyara. A 1850 Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garin, har yau ana nuna gidan da ya zauna. A ƙarshen 1916 Kawusan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a nan har zuwa Maris na 1917. UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

A Agadas na ɗanɗana tagalla, gurasar da Buzaye ke gasawa cikin rairayi da garwashi, da cuku, da shayi zagaye uku. A kasuwa na ga kantun gishirin Bilma, irin wanda kakana ke saye, kusa da lemo da rumman daga lambunan Timiya a duwatsun Abzin. Da Hausa na yi cinikin duka.

Na dawo da tambaya guda. Hasumiyar Agadas tana tsaye ne saboda mutanen gari ba su daina hawa suna yaɓa ta ba. Mu kuma a Kano da Zariya da Katsina, ganuwa tana zama ramin ɗibar ƙasa, 'ya'yan magina suna komawa buga bulo. Wa zai hau bangonmu kafin damina mai zuwa?