Kuchigoro: Yadda ake zaɓen ƙyauren taga mai rahusa, da saƙa da lambun gida a lokacin hunturu

Kuchigoro na gefen babbar hanyar Umaru Musa Yar'adua da ke zuwa filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe, a ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja. Asalin ƙauyen na Gbagyi ne, amma a yau ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa da masu haya daga sassan ƙasar nan, har da 'yan gudun hijirar da rikicin Boko Haram ya raba da yankin Gwoza na Jihar Borno.

Tagogin gidajen unguwar na fama da abu uku a shekara: ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zafin rana da ke tsananta a watan Maris, da guguwar da ke rako ruwan farko a Afrilu da Mayu. Ƙyauren taga na waje yana tare rana da ƙura da feshin ruwa tun kafin su kai ga gilashi, shi ya sa ya fi labulen ciki rage zafin ɗaki.

Ire-iren ƙyauren taga

Asabari, wanda ake saƙawa da ciyawa ko tsinke, shi ne mafi araha. Yana hana rana shiga, yana barin iska ta ratsa, amma ba ya jure damina, kuma ba ya tare ɓarawo.

Na katako yana da kyan gani, kuma ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe. Maɗaci da iroko suna daɗewa amma suna da tsada, yayin da malaina ta fi sauƙin kuɗi. Abin lura shi ne ɗanyen katako yana tsagewa ko ya karkace idan iskar hunturu ta busar da shi, don haka busasshe ya kamata kafinta ya yi aiki da shi, a shafa masa maganin gara kafin fenti.

Na ƙarfe, wanda masu walda ke haɗawa, ya fi ba da tsaro. Illarsa ita ce tsatsa da ɗaukar zafi. Ana magance su da jan fentin hana tsatsa, sannan a bi shi da fenti mai haske, domin baƙi yana zuƙar zafi.

Na alminiyam ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, amma kuɗin sayensa ya fi yawa, kuma siririnsa yana lanƙwashewa a iska mai ƙarfi.

Hanyoyin rage kashe kuɗi

Ba dole ba ne a rufe dukkan tagogi a lokaci guda. Ana farawa da waɗanda ke fuskantar yamma, inda ranar la'asar ke duka, sai na gabas da arewa maso gabas, ta inda iskar hunturu ke busowa.

Awo daidai yana hana asara: a auna faɗi da tsawon kowace taga kafin a nufi kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ko wurin kafintocin Kugbo. Yana da kyau a ji farashi daga masu sana'a biyu ko uku, a kuma tabbatar ko kuɗin ya haɗa da sakata da fenti da ɗaurawa. Mai haya ya fara neman yardar mai gida, ya zaɓi irin da ake ɗaurawa da noti, wanda zai iya kwancewa idan ya tashi.

Iska da tsaron rai

Ƙyaure mai tsaga-tsaga ya fi rufaffe gaba ɗaya, domin cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa na taimaka wa yaɗuwar sanƙarau, cutar da ke tashi a Arewa tsakanin Disamba da Yuni. Haka kuma kunna gawayi ko janareta a rufaffen wuri na iya halaka masu barci. A kowane ɗaki a bar taga ɗaya da za a iya buɗewa daga ciki idan gobara ta tashi, a kuma bar ragar hana sauro a wurinta.

Saƙar kayan sanyi

Mata da dama kan fara saƙa tun watan Satumba ko Oktoba, domin hulunan jarirai da safa da suwaita su kammala kafin sanyi ya sauka. Kayan aikin ba su da yawa: kwarashi da zaren ulu, waɗanda ake samu a kasuwannin Wuse da Utako. Zare mai laushi ya fi dacewa da fatar jariri. Idan an wanke, a shimfiɗa a inuwa, domin ratayewa na sa saƙar ta miƙe. Mai niyyar sayarwa ta lissafa kuɗin zare da kwanakin aikinta kafin ta yanke farashi.

Lambu a ƙaramin fili

Sanyin hunturu ya dace da latas da kabeji da karas da tumatir. Wanda ba shi da fili zai iya cika buhu ko tsohon bokiti da ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen taki, ya huda ƙasansa don ruwa ya tsiyaye. Alayyahu kan isa yanka cikin mako 3 zuwa 4. Ban ruwa da sassafe ko da yamma, da rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, suna rage sayen ruwa daga 'yan garuwa. Sai dai a nisanta buhunan daga jikin bango da ƙyauren katako, domin danshi shi ke jawo gara.