Kisan Janar Murtala da Alƙiblar Hulɗar Nijeriya da Ƙasashen Waje, 1976–1979

1.0 Gabatarwa

Da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976, wasu sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka tare motar Shugaban Ƙasa, Janar Murtala Ramat Muhammad, a unguwar Ikoyi ta Legas, suka harbe shi yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan. Juyin mulkin bai kai ga nasara ba, amma ya jefa Nijeriya cikin zaman doya da manja da Birtaniya da Amurka. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan tsamin dangantaka, ta nuna cewa kisan bai karkatar da manufar da marigayin ya shimfiɗa ba. Abin da ya sauya shi ne makamin aiwatar da ita, domin magadansa sun mayar da kaifin harshe zuwa matsin tattalin arziki.

2.0 Yadda Al'amura Suke Kafin Kisan

Murtala ya hau mulki ranar 29 ga Yuli 1975, bayan an hamɓarar da Janar Yakubu Gowon. A lokacin Fotugal tana shirin barin Angola, ƙungiyoyi uku kuma suna kokawar gadon mulki, wato MPLA ta Agostinho Neto, da FNLA ta Holden Roberto, da UNITA ta Jonas Savimbi. Da farko Nijeriya ta bi ra'ayin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na a kafa gwamnatin haɗin gwiwa. Amma da ta tabbata cewa sojojin Afirka ta Kudu, ƙasar wariyar launin fata, sun kutsa Angola a watan Oktoba 1975 don mara wa FNLA da UNITA baya, sai ta sake shawara. A watan Nuwamba na shekarar ta amince da gwamnatin MPLA, ta kuma ba ta tallafin dala miliyan 20.

Wannan mataki ya ɓata wa Amurka rai, domin ita tana kallon rikicin ne ta fuskar yaƙin cacar baka, tunda Tarayyar Sobiyet da Kuba ne suke goya wa MPLA baya. Shugaba Gerald Ford ya aika wa shugabannin Afirka wasiƙa yana jan hankalinsu kada su amince da MPLA. Gwamnatin Nijeriya ta ɗauki wasiƙar a matsayin raini, ta bayyana ta ga manema labarai tare da martani mai zafi. A taron gaggawa na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa, ranar 11 ga Janairu 1976, Murtala ya yi jawabinsa da ya shahara, inda ya nuna cewa Afirka ta kawo ƙarfi, ba ta buƙatar wani daga waje ya zaɓa mata aboki ko maƙiyi. Taron ya watse ƙasashe sun rabu biyu, 22 a kowane ɓangare, amma a watan Fabrairu ƙungiyar ta karɓi Angola ƙarƙashin MPLA. Kwana 33 kacal ke tsakanin jawabin da kisan.

3.0 Zargi da Tsamin Dangantaka

Kusancin waɗannan al'amura biyu shi ya sa jama'a da dama suka ce biri ya yi kama da mutum. Ɗalibai suka yi zanga-zanga a ofisoshin jakadancin Amurka da Birtaniya a Legas, suna zargin hannun baƙi. Zargin ya sami wurin zama a zukata saboda a ƙarshen 1975 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya fallasa cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ta taɓa ƙulla makircin hallaka Patrice Lumumba na Kongo. Duk da haka, ba a gabatar da wata tabbatacciyar hujja da ta ɗora kisan Murtala a kan wata gwamnatin waje ba. Dalilan da bincike ya fito da su galibi na cikin gida ne, musamman ƙorafin wasu hafsoshi kan shirin rage yawan sojoji da batun ƙarin girma.

Da Birtaniya ne abin ya fi muni. A ranar juyin mulkin Dimka ya je ofishin jakadanta, Sir Martin Le Quesne, ya nemi a sada shi da Gowon, wanda yake karatu a Jami'ar Warwick. Jakadan bai biya masa buƙata ba, amma gwamnati ta ga bai sanar da ita a kan kari ba. Daga bisani kuma ya tayar da maganar diyyar ɓarnar da masu zanga-zanga suka yi wa ofishinsa, alhali ƙasa tana cikin makoki. A watan Maris 1976 Nijeriya ta nemi Birtaniya ta janye shi. Haka kuma ta nemi a miƙo mata Gowon ya amsa tambayoyi, Birtaniya ta ƙi, Gowon kuma ya musanta hannu a cikin lamarin. An tuɓe masa muƙaminsa na soja, sai a 1981 Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa.

Amurka ma ta sha nata rabon. Lokacin da Sakataren Harkokin Wajenta, Henry Kissinger, ya zaga ƙasashen Afirka a watan Afrilu 1976, Nijeriya ta ƙi karɓar baƙuncinsa.

4.0 Ɗorewar Manufa a Hannun Magada

Majalisar Ƙoli ta Soja ta naɗa Laftanar Janar Olusegun Obasanjo Shugaban Ƙasa, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya zama na biyu, Theophilus Danjuma ya ci gaba da shugabancin rundunar ƙasa, Joseph Garba kuma ya zauna a kujerarsa ta Kwamishinan Harkokin Waje. Ke nan waɗanda aka yanke shawarar Angola da su, su ne suka riƙe ragama. Ban da wannan, jinin marigayin ya ba manufar wata alfarma a idon jama'a, ta yadda ja da baya zai zama tamkar cin amanarsa. A 1976 kwamitin Farfesa Adebayo Adedeji ya kammala bitar manufofin waje, Afirka ta tabbata ita ce ginshiƙinsu.

Aiki ya biyo bayan magana. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka ƙaurace wa wasannin Olamfik na Montreal a 1976 saboda hulɗar wasanni da ke tsakanin New Zealand da Afirka ta Kudu. An kafa asusun taimaka wa 'yan gwagwarmayar kudancin Afirka, wanda ma'aikata da ɗalibai suka zuba wa gudummawa. A watan Agusta 1977 kuma Legas ta karɓi baƙuncin taron duniya na yaƙi da wariyar launin fata.

5.0 Rabuwar Hanya Tsakanin Amurka da Birtaniya

Abin lura shi ne raunin Amurka ya fi saurin warkewa. Zuwan Shugaba Jimmy Carter a 1977, da naɗin Andrew Young jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya, sun sassauta harshen Amurka kan mulkin tsirarun fararen fata. Ga kuma buƙatar man fetur, domin a ƙarshen shekarun 1970 Nijeriya ce ta biyu, bayan Saudiyya, wajen sayar wa Amurka ɗanyen mai. Obasanjo ya ziyarci Washington a watan Oktoba 1977, Carter kuma ya sauka Legas a ƙarshen Maris 1978.

Ita kuwa Birtaniya, tsohon miki ya haɗu da sabo, wato batun Rodeshiya. A 1978 gwamnati ta umurci hukumominta su janye kuɗaɗensu daga bankin Barclays saboda mu'amalarsa da Afirka ta Kudu. Da Margaret Thatcher ta hau mulki a watan Mayu 1979, ta nuna alamar amincewa da gwamnatin Bishop Abel Muzorewa, wadda 'yan gwagwarmaya irin su Robert Mugabe da Joshua Nkomo suka yi watsi da ita. A ƙarshen Yuli, ana jajiberin taron Ƙasashe Renon Ingila a Lusaka, Nijeriya ta ƙwace hannayen jarin kamfanin mai na BP, tana zarginsa da kai wa Afirka ta Kudu mai. Taron na Lusaka shi ya share fagen tattaunawar Lancaster House, wadda ta kai ga 'yancin Zimbabuwe ranar 18 ga Afrilu 1980. Matakin Nijeriya ɗaya ne daga cikin matsin da suka tanƙwara Birtaniya, tare da ƙarfin yaƙin sunƙuru da matsayin sauran ƙasashen ƙungiyar.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa harsashin Ikoyi ya ɗauke jagora, amma manufar ta ɗore, domin ta hukuma ce gaba ɗaya, jama'a kuma sun rungume ta. Har Tsarin Mulkin 1979 ya sanya haɗin kan Afirka da 'yantar da ita cikin manufofin ƙasa. Sai dai ƙarfin wannan murya ya dogara ne ga kuɗin mai. Da kasuwar mai ta karye a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa katutu, sai ga ƙasar da ta tara kuɗi don 'yantar da 'yan'uwanta na Afirka tana korar baƙin Afirka ta Yamma, akasarinsu 'yan Ghana, a 1983. Wannan ya gaskata karin maganar nan da ke cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.